Wai Ba Ni Da Jikin Tsaron Ƙofa

Shekara 9 ina tsaron ƙofar ɓangaren mata a gidajen biki a Jidda, amma har yau sai a kalle ni sama da ƙasa a ce, "Ke ce mai tsaron? Babu wata mai jiki?" Wallahi maganar nan tana ci mini rai.

Me ake yi a ƙofar? Duba katin gayyata, karɓar waya mai kyamara tunda mata sun cire abaya a ciki. Wanne ne ake yi da ƙwanji?

Makon jiya wata hajiya daga Makka ta zo ba kati, tana ta ɗaga murya. Abokiyar aikina, doguwa ƙaƙƙarfa, ta tare ƙofa da ƙirji, sai faɗa ya ƙara zafi. Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, zauna nan in kira miki uwar amarya." Na miƙa mata ruwan sanyi, na lallashe ta da Hausa, 'yarta da Larabci. Minti biyar aka gama.

Da aka zo rabon aikin wannan makon, mai gidan bikin ya ɗauki doguwar, ni ya ce in jira waya. Har yanzu bai kira ba.