Na'urar da ke hannun jami'in hanya ba ta karɓar tara kaɗai ba ce

Abin da ke ba ni haushi game da yadda hukumomin 'yan sanda da na kiyaye haɗura ke rungumar na'urorin adana bayanan hanya shi ne, duk ranar da aka ƙaddamar da su, zancen ba ya wuce kuɗin tara. A ɗauki hoton jami'i riƙe da ƙaramar kwamfuta, a ce daga yau direban da ya karya doka ba shi da maɓoya, a tashi taro. Rahoton haɗari kuwa, wanda shi ne ainihin inda fasahar ke da amfani, a bar shi a tsohon littafin da ake cikewa da biro.

Duk wanda ya taɓa karanta irin wannan rahoto ya san illarsa. Jami'i ya rubuta cewa haɗarin ya auku "kusa da kwana" bai faɗi wace kwana ba, ruwan sama ya goge rabin lambar motar, sannan takardar ta shafe watanni a kabad kafin a shigar da ita kwamfuta, in ma an shigar. Na'ura kuwa tana ɗaukar wurin da GPS, ta karanta lasisin direba, ta kuma ƙi rufe fom ɗin da aka bar wani gurbi a cikinsa. Da irin wannan bayani ne injiniya ke gano mahaɗar da ke yawan cin rayuka.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya a faɗin duniya kowace shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da babur, kuma su ne suka fi ɓacewa daga littafin 'yan sanda. Shi ya sa Suwidin, wadda majalisarta ta amince a 1997 da manufar kawar da mace-macen hanya, ta haɗa bayanan 'yan sanda da na asibitoci a rumbu ɗaya mai suna STRADA, yadda mai keken da jami'i bai taɓa gani ba ma zai shiga lissafi. A jihar Iowa ta Amurka ma, manhajar TraCS ta haɗa takardar tara da rahoton haɗari wuri guda, har wasu jihohi suka ɗauke ta.

Masu cewa na'ura za ta kashe cin hanci sun manta cewa jami'in da ya yi niyyar karɓa a hannu zai bar ta a aljihu ne kawai. Masu fakewa da rashin intanet don a ci gaba da takarda kuma ba su da hujja, tunda na'urar tana iya ajiye bayani ta aika daga baya.

Hukumar da ta sayi waɗannan na'urori alhali ba ta iya faɗin wurare goma da suka fi kashe mutane a hanyoyinta ba, injin karɓar kuɗi ta saya, kuma jama'a suna da gaskiya idan suka ɗauke ta a haka. A wajabta shigar da kowane haɗari, a haɗa da bayanan asibiti, a riƙa fitar da alƙaluman fili.