Watan da allura ta yanke

Ƙanena yana ajin ƙarshe a lise ya fara kulle kansa a ɗaki. Muka ce zafin karatun bak ne. Sai ya daina cin tuwon gida, wai an sa mishi wani abu. Da dare ka ji shi yana amsa wa muryoyin da shi kaɗai ke ji. Inna ta ce sammu ne, Baba ya ce ƙwaya ce, tunda tramol ta cika gari. Shekara biyu muna yawo: ruƙiyya, rubutu, hayaƙi, har gwaggonmu ta Tibiri ta kawo zancen girka. Awakin Inna duk can suka ƙare.

Ranar da muka kai shi likita, lokotoro ya ce sunan ciwon sikizofireniya, kuma yakan kama mutum daidai shekarun samartaka zuwa ashirin da ɗoriya, maza da wuri fiye da mata. A ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya sama da mutum miliyan 20 ke ɗauke da shi, kuma fiye da kashi biyu cikin uku na masu irin wannan lalura ba su samun kulawar ƙwararru. Da na ji haka na ce ashe ba gidanmu kaɗai ba.

Aka ɗora shi kan haloperidol. Satin farko wuya ya sanƙare, hannu na rawa, yawu na zuba, Inna ta rantse maganin nasara ne zai kashe mata ɗa. Aka haɗa mishi da Artane, abin ya lafa. Daga baya aka mai da shi kan allurar wata-wata. Jama'a, yaron nan har ɗinki ya koya, yana zaman shago a unguwar Ali Ɗan Sofo, nan Maraɗi.

To ga abin da ke ci mini rai. Kowa na zagin iyalan da ke sa wa mara lafiya mari a ƙafa, ana cewa jahilci. Ni ma na zaga a da. Amma watan da muka zagaye farmasi huɗu babu allurar, ya koma gidan jiya, da idona na ga Baba yana kallon sarƙa yana hawaye. Mu fa cikin Maraɗi muke, kabu-kabu kawai za mu hau. Mutumin ƙauyen Dakoro ko Mayahi da sai ya sayar da tiyar hatsi kafin ya biya mota, shi fa?

Maganin tarin fuka kyauta ake ba da shi a ƙasar nan, na sida ma haka. Tun 2006 aka ce yara ƴan ƙasa da shekara 5 a duba su kyauta. Me ya hana wannan allura ta sauka a likitocin ƙauye, a koya wa majo, wato shugaban likitar ƙauye, yin ta da bin sawun wanda bai zo ba?

Ƙanena ya koma shago. Allurarsa ta gaba ranar Alhamis ce, tun jiya na fara kiran farmasi ina tambaya.