Tsaron teku ya shafi ɗan Kaduna

Duk sanda aka taɓo maganar sojan ruwa, sai ka ji wani ya ce, "Mu 'yan Kaduna ina ruwanmu da teku?" Jama'a, wallahi da ruwanmu. Kayan gyaran mota, injin niƙa, kwantenar da ke sauka a tashar tsandauri ta Kakuri da aka buɗe a 2018, duk ta Mashigin Gini, wato tekun da ke gaɓar Najeriya da maƙwabtanta, suke biyowa. In 'yan fashi suka addabi hanyar, kamfanin inshora ya ƙara kuɗi, mai jirgi ya ɗora wa ɗan kasuwa, shi kuma ya ɗora maka a Kasuwar Gumi.

A 2020 an yi garkuwa da ma'aikatan jirgi 135 a tekunan duniya, 130 daga ciki a mashigin nan namu. Masu wannan aika-aika galibi ba da ƙaton jirgi suke zuwa ba. Kwalekwale ne mai inji biyu a baya, su far wa jirgin dako da dare, kafin asuba sun shige lungunan ruwan Neja Delta, inda babban jirgin yaƙi zai kafe a taɓo in ya bi su. Sai ƙaramin jirgi mai gudu, wanda ba ya buƙatar zurfi. Shirin tsaron teku na Deep Blue na NIMASA, hukumar kula da sufurin jiragen ruwa ta Najeriya, da aka ƙaddamar a 2021, ya zo da irinsu guda 17, kuma hare-haren sun ragu sosai.

Ɗan fashi bai san iyaka ba, in ka kore shi daga Legas sai ya ɓulla a Kwatano. Shi ya sa Najeriya da Benin suka fara sintirin haɗin gwiwa a 2011, ƙasashen yankin kuma suka ƙulla yarjejeniyar Yawunde ta tsaron teku a 2013. Wannan haɗin kai nake so a riƙe da hannu biyu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mun iya ƙera jiragen sintiri da kanmu. A Legas aka ƙera jiragen sojan ruwanmu NNS Andoni a 2012, Karaduwa a 2016, Oji a 2021. Jirgin da ka ƙera, kai za ka gyara. Don Allah wakilanmu a majalisa su tsaya kan kasafin ƙera su a gida, su kuma nemi a ƙara wa Tafkin Chadi kwalekwalen sintiri masu iya ratsa ciyayi, masuntan Baga su samu fita kamun kifi ba tare da sun biya 'yan ta'adda haraji ba.