Yawan wat ba ya nufin yawan turjiya

Ɗalibai da masu koyon gyaran wuta da dama suna ɗauka cewa na'urar da ta fi cin wuta ita ce ta fi turjiya, wato ta fi hana lantarki wucewa. Akasin haka ne gaskiya, kuma lissafi kaɗan ya isa ya nuna hakan.

A dokar da Bajamushe Georg Ohm ya wallafa a 1827, ana samun turjiya ne idan aka raba bolt (ma'aunin ƙarfin da ke tura lantarki) da amfiya (ma'aunin yawan lantarkin da ke wucewa). Wat kuwa, wato ma'aunin cin wutar na'ura, yana fitowa ne idan aka ninka bolt da amfiya. Mu ɗauki hitar dafa ruwa mai wat 2,300 da aka jona a soket mai bolt 230: tana jan amfiya 10, don haka turjiyarta om 23 ce kacal. Ƙwan fitila mai zare na wat 100 kuwa, a wannan soket ɗin, amfiya 0.43 yake ja, turjiyarsa kuma ta kai om 529.

Da yake bolt ɗin bai canza ba, ƙarancin turjiya shi ke buɗe wa lantarki hanya. Wannan ne dalilin da siririyar waya ke ɗaukar ƙwan fitila lafiya lau, amma ta yi zafi har robarta ta narke idan aka jona mata hita, wadda ke jan amfiya da yawa.