Wa Ake Gina wa Shafin Makaranta a Kano?

Sana'ata a Ingila ita ce gina shafukan intanet da ɗalibai ke karatu a kansu, yawanci bisa Moodle, manhajar kyauta da Martin Dougiamas ya fitar daga Ostareliya a 2002, wadda jami'o'i da dama a duniya suka dogara da ita. Idan muka tattauna da abokan sana'a na Kano, nakan tarar ilimin aikin ɗaya ne, wasunsu ma sun fi ni hannu, sai dai ba abu ɗaya ake sa mu yi ba.

A nan Ingila, tun 2018 doka ta wajabta wa hukumomin gwamnati, har da yawancin jami'o'i, su tsara shafukansu yadda mai lalurar gani ko ta ji zai iya amfani da su. Don haka kafin a saki shafi, sai mun kunna manhajar da ke karanta wa makaho rubutu mun saurare ta layi-layi, kuma duk hoton da ba a rubuta masa bayani ba, ko bidiyon da ba shi da rubutu a ƙasa, dawo mana da shi ake yi. Aiki ne mai cin rai, kuma ba na jin tausayi ne kaɗai ya kawo shi. Akwai tsoron ƙorafi. Amma ya tilasta mana fara tunani daga ɗalibin da shafin zai fi yi wa wuya.

A Kano kuwa, abin da mai makaranta ya fi nema shi ne wurin rajista da biyan kuɗi da duba sakamako, ya biya kwangila sau ɗaya, shi ke nan. Karatun kansa a WhatsApp yake, inda shugaban aji ke tura hoton takardun darasi, malami kuma ya bi da saƙon murya. Lokacin da korona ta rufe makarantu a 2020, rediyo da waya ne suka ɗauki mafi yawan nauyin.

Ba na cikin masu ganin cewa maganin shi ne a kwaso tsarin Ingila a dasa. Ɗalibin da shafi zai fi yi wa wuya a Kano shi ne yaron Kurna ko Ɗorayi mai tsohuwar waya da ya saya a kasuwar waya ta Farm Centre, gilashinta a tsage, datar da ya saka ta yini ɗaya ce, rabin yinin kuma wayar tana wurin mai caji. Idan shafi ya fara da katafaren hoton ƙofar makaranta da na shugabanta, datarsa ta tafi kafin ya ga layin farko na darasi. Kanawa mutane ne masu saurare, waɗanda suka saba da rediyo da tafsirin da ake turawa a memori, kuma darasin murya ya fi na bidiyo sauƙin nauyi nesa ba kusa ba. Mai hikima zai gina shafin da ake sauke darasi sau ɗaya, a saurara ba tare da intanet ba, a kuma tura wa aboki ta Xender, sannan ya tabbatar cewa ƙ da ɗ da ɓ suna fitowa daidai, ba su koma akwatuna ba.

Ina ganin tilas tana aiki a Kano kamar yadda take yi a nan Ingila, domin da JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, cibiyoyin koyon kwamfuta sun yawaita a gari ba tare da an roƙi kowa ba. Saboda haka ya kamata ma'aikatar ilimi da hukumomin manyan makarantu su rubuta a cikin kowace kwangila cewa ba za a karɓi shafi ba sai an gwada shi a kan ƙaramar waya da layi mai rauni, a gaban ɗalibai, har da mai lalurar gani, kuma a ware albashin wanda zai ci gaba da kula da shi bayan an yi bikin ƙaddamarwa.