Raba bayanan bincike ba tona asirin majiyyaci ba ne

A Aboabo da Asawase, nan Kumasi, na sha jin dattawa suna hana iyalansu ba da jini ga masu binciken zazzaɓin cizon sauro, wai Turawan da suka ba da kuɗin aikin za su baza sunayensu a intanet. Ba haka abin yake ba, kuma yana damuna ƙwarai.

Gaskiya ne, tun 25 ga Janairu 2023 hukumar NIH ta Amurka, mai ba da kuɗin binciken lafiya, ta wajabta wa masu neman tallafinta su rubuta yadda za su adana bayanai da yadda za su raba su. Amma kafin a fitar da komai, ana cire suna da lambar waya da adireshin gida, a sa wata lamba a gurbinsu. Abin da wani mai bincike zai gani shi ne: mace, shekara 34, sakamakon jininta kaza. Bayanan ƙwayoyin halitta na gado (DNA) kuwa, da yawansu a kulle suke, sai an nemi izini a rubuce. Ga kuma dokar kare bayanai ta Ghana ta 2012.

Kafin ka dangwala yatsa a takardar amincewa, sa a karanta maka ita da Hausa, ka tambayi inda za a ajiye bayananka da wanda zai gan su.