Shagona ba laburare ba ne!

Wai don Allah yaushe shagon littattafaina na Tudun Wadar Gusau ya koma laburare? Mutum ya shigo da hantsi, ya jingina da kanta, yana lasar yatsa yana buɗe shafi har a kira la'asar! Wani ya zaro waya ya ɗauke tambayoyin JAMB kaf, kamar gadon gidansu. Wata ta bar min tabon manja a bangon littafi, ta ce, "Malam, ina na biyun?" Haba Hajiya, kin sayi na ɗayan ne? Ga masu naɗe gefen takarda wai gobe za su ɗora! Na yi dakon kaya tun daga Kano, kullum ina kaɗe ƙurar hunturu, yanzu wa zai sayi littafin da ya sha yawu?